Kwamfuta Ta Ce 42: Abin da Masu Rubuta Manhaja Ke Gani a Barkwancin Labaran Kimiyya

Wanda ya buɗe darasin koyar da na'ura a yaren Python ba zai yi nisa ba zai ci karo da wani layi da ake maimaitawa kamar amshin waƙa: random_state=42. Aikin layin shi ne ya ba injin zaɓen lambobin kai-tsaye wurin farawa, domin in an sake gwajin gobe a samu sakamakon yau. Kowace lamba za ta yi wannan aikin, 7 ko 1000 ko 3, amma hannun mutane 42 yake kaiwa. Haka ma duk hoton da aka adana a tsarin TIFF: bayit biyu na farko suna faɗin yadda aka jera bayanan, biyu na biye kuma suna ɗauke da 42, da ita manhaja ke gane cewa fayil ɗin TIFF ne. Da aka faɗaɗa tsarin don manyan hotuna, sai aka sa 43. A Faransa akwai makarantar koyon rubuta manhaja da aka buɗe a Paris a 2013, sunanta kawai 42.

Duk wannan ya samo asali ne daga wasan barkwanci na rediyo da BBC ta fara watsawa a 1978, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, na Douglas Adams, wanda ya zama littafi a 1979. A cikin labarin wasu halittu sun gina wata shirgegiyar kwamfuta mai suna Deep Thought, suka ce ta nemo masu amsar babbar tambaya game da rayuwa da duniya da komai. Ta yi shekara miliyan 7 da rabi tana lissafi. Ranar da aka taru ana jiran hikima, ta ce amsar ita ce 42. Da aka tasam mata da faɗa, sai ta nuna masu cewa lissafinta babu kuskure, su ne tun farko ba su san mece ce tambayar ba. Mafita ita ce a gina wata kwamfutar da ta fi ta, ta yi shekara miliyan 10 tana neman tambayar. Wannan kwamfutar ita ce Duniyarmu, kuma aka rushe ta saura minti 5 ta gama, domin a shimfiɗa hanya.

Mai karatu na gama-gari zai yi dariya saboda an kai shi ƙololuwa an sako shi. Mai rubuta manhaja dariyarsa daban ce, ta wanda aka taɓa masa gyambo. Abin da ya gani shi ne aikin da aka fara ba tare da an rubuta abin da ake buƙata ba. Mai ba da aiki ya ce yana son tsarin da zai "gyara harkar ma'aikata," an yi wata 8 ana gini, an miƙa masa, ya duba ya ce ba haka yake nufi ba; aka tambaye shi yaya yake nufi, ya ce shi ma sai ya gani zai gane. Sai a buɗe sabon aiki, wanda ya fi na farko tsada, don gano abin da ya kamata a tambaya tun farko. Sannan a soke shi dab da kammalawa saboda wani sashe na kamfanin ya yanke wata shawara da ba ta da alaƙa da shi. Adams ya taƙaita rayuwar sana'a guda a shafuka kaɗan, tun kafin yawancin masu sana'ar su shigo ta.

A nan ne bakin zaren yake. Barkwancin irin waɗannan littattafai da tangarɗar manhaja ƙira ɗaya gare su. Ana buƙatar abu uku: doka da aka furta da kyakkyawar niyya, mai aiwatarwa da ke bin ta baƙi da baƙi ba ya ƙara ko wasali, da kuma wani yanayi da mai kafa dokar bai hango ba. In ukun nan suka haɗu a shafin littafi, dariya ce. In suka haɗu a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi ko manhaja don jama'a, da ƙarfe 3 na dare, kiran gaggawa ne.

Marubucin Poland Stanisław Lem ya riga Adams gane wannan. A littafinsa Cyberiad na 1965, maƙerin na'urori Trurl ya ƙera injin da ke iya samar da duk abin da sunansa ya fara da harafin n. Abokin adawarsa Klapaucius, don ya kunyata shi, ya umarci injin ya samar da "Babu", kalmar da ita ma da n ta fara a harshen littafin. Injin bai yi gardama ba. Ya shiga ɗauke abubuwa daga duniya ɗaya bayan ɗaya, domin hanyar samar da babu ke nan. Kafin su tsayar da shi ya ci abubuwa da yawa, kuma da suka ce ya mayar, ya ce shi abin da ya fara da n kaɗai yake iya yi. Yanzu a ajiye wannan kusa da abin da ya faru da manhajar wasanni ta Steam a kan Linux a farkon 2015. Akwai layi a cikinta da ke share duk abin da ke cikin babban fayil ɗin da aka girke ta, kuma adireshin wurin yana ajiye a wani ma'aji mai suna STEAMROOT. In mutum ya matsar da fayil ɗin zuwa wani wuri, ma'ajin kan iya zama fanko. Fanko haɗe da alamar / da tauraro na nufin "komai, daga tushe." Umarnin ya bi doka, ya share duk abin da mai kwamfutar ke da ikon sharewa, har da faifan waje da ke maƙale. Gyaran layi ɗaya ne: a duba ko ma'ajin na ɗauke da wani abu kafin a yi shara. Shekara 50 tsakanin labarin Lem da wannan, amma injin ɗaya ne.

Manyan haɗurran da ake koyarwa a azuzuwan injiniyan manhaja ma, in aka cire asarar da ke ciki, tamkar daga irin waɗannan littattafai aka tsamo su. Rokar Ariane 5 ta tarwatse a tashinta na farko, ranar 4 ga Yuni 1996, cikin kusan daƙiƙa 40. An ɗauko manhajar daga Ariane 4, wadda ba ta kai sabuwar gudu ba. Wata lamba mai bit 64 ta ƙi shiga gurbi mai bit 16. Na'urar ko-ta-kwana kuwa manhaja iri ɗaya take gudanarwa, don haka ita ta fara faɗuwa. Abin da ya fi ciwo, sashen da ya jawo masifar ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa. A 1999 kuma kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta saboda wata manhaja tana ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam, wata tana karɓa a matsayin ma'aunin niyuton, bambancin ninki 4.45. Babu mugu a ko ɗaya daga cikin labaran nan. Kowane ɓangare ya yi daidai abin da aka ce ya yi.

Wannan ne ya sa ɓangaren barkwanci ya fi shiga ran masu sana'ar fiye da labaran kimiyya masu ɗaure fuska, duk da cewa su ma suna karanta su. A labari mai ban tsoro, na'ura takan waye ta yi tawaye, ta ƙulla makirci, ta nemi mulkin duniya. Wanda ya wuni yana roƙon na'urar buga takardu ta yarda cewa akwai takarda a cikinta ya san wannan yabo ne da na'ura ba ta cancanta ba. Na'urorin Adams su ne na gaskiya: ƙofofin da ke nishin jin daɗi suna gode maka duk lokacin da ka wuce, mutum-mutumin Marvin mai ƙwaƙwalwa kamar duniya da aka mayar ɗan aike har baƙin ciki ya kama shi, da injin abin sha da ke binciken harshenka da jininka da ƙwaƙwalwarka a tsanake, sannan ya zubo maka ruwa iri ɗaya da yake zuba wa kowa. A littafi na biyu, na 1980, jarumin Arthur Dent ya zauna ya yi wa injin bayanin yadda ake haɗa shayi na ainihi. Injin ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya nemi taimakon babbar kwamfutar jirgin, ita kuma ta tattara dukkan ƙarfinta kan matsalar, daidai lokacin da abokan gaba suka buɗe wa jirgin wuta. Ba sauran wanda zai tuƙa. Duk mai kula da saba ya san wannan cutar: aiki ɗaya maras muhimmanci ya cinye ƙarfin injin saboda ba a sa masa iyaka ba, ba a ba ayyuka matsayin fifiko ba, ba a kuma sa lokacin da zai haƙura ya saki ba.

Sai kuma batun ofis. Lokacin da aka zo rushe gidan Arthur, an shaida masa cewa ai an kafe sanarwa tuntuni. Ya je ya same ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, babu fitila, babu matakala, cikin akwatin takardu a kulle, a wani makewayi da aka daina amfani da shi, an manna gargaɗin damisa a ƙofar. Masu rubuta manhaja kan ambaci wannan wurin duk lokacin da aka ce masu "ai yana cikin takardun bayani." Haka kuma wata dabara ta ɓoye abu da ta zo a littafi na uku: maimakon a sa abu ya ɓace, wanda ke da wuya, sai a lulluɓe shi da yanayin da zai sa duk wanda ya kalle shi ya ji cewa matsalar wani ce. A kowane rumbun rahoton kurakurai akwai rahoton da ya shekara 4, mutum 30 sun leƙa sun wuce.

Akwai kuma yadda ake karatun kansa. Sana'ar tana horar da mutum ya riƙe ƙananan bayanai a ka, ya tuna cewa abin da aka ayyana a layi na 12 zai dawo a layi na 900. Marubutan barkwanci na ƙwarai haka suke gini: abin da aka jefar kamar wasa a babi na 2 shi ne zai warware rikici a babi na 20, kuma duniyar, komai haukarta, ba ta karya dokar da ta kafa wa kanta. Wasan kwamfuta na rubutu zalla da Adams ya yi tare da Steve Meretzky na kamfanin Infocom a 1984 ya fito da wannan a fili. Akwai wurin da ake son ka samu wani ɗan kifi mai fassara harsuna daga injin sayarwa. Ka danna, kifin ya tashi ya faɗa wani rami a bango. Ka rataya rigarka ta toshe ramin, ya zame ya faɗa magudana. Ka rufe magudana da tawul, wani mutum-mutumin shara ya fito ya sure shi. Ka tare hanyarsa da jaka, ya cilla kifin sama, wani mai sharar sama ya cafke. Sai ka ɗora tarkacen wasiƙu a kan jakar don su ruɗe shi, wasiƙun da ya kamata ka ɗauko tun farkon wasan, daga gidan da yanzu babu shi. Kifayen injin kuma ƙidayayyu ne. Wannan gyaran tangarɗa ne tsantsa: kowane gyara yana tono kuskuren da ke bayansa. Har riga kamfanin ya sayar wa waɗanda suka ci wannan wurin.

Dacewar ƙira kaɗai ba za ta wadatar ba, da ba don lokaci ma ya dace ba. Littattafan Adams sun fito daidai shekarun da ƙananan kwamfutoci ke shiga gidaje, kuma dandalin tattaunawa na Usenet, wanda ya fara a 1980, ke haɗa ɗaliban jami'o'i da ma'aikatan cibiyoyin bincike. Jama'a ce ƙarama, mai karatu iri ɗaya, kuma ita ce ta raɗa wa abubuwa suna. Kwamfutar dara da aka gina a jami'ar Carnegie Mellon a ƙarshen shekarun 1980 an sa mata Deep Thought. Magajiyarta, Deep Blue ta IBM, ita ta doke zakaran dara na duniya Garry Kasparov a 1997. A shekarar ce kuma AltaVista, injin bincike na wancan zamani, ta fito da mai fassara a intanet ta kira shi Babel Fish, sunan kifin nan. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro yaren, ya ɗauko sunan Python daga 'yan wasan barkwancin Ingila Monty Python, ba daga mesa ba. Ita kanta hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet tana da al'adar fitar da takardar wasa ranar 1 ga Afrilu, a rubuce da cikakkiyar murya ta hukuma. Ta 1990, mai lamba 1149, ta bayyana yadda za a aika saƙon intanet ta ƙafar tattabara. A 2001 wasu masu amfani da Linux a Bergen ta ƙasar Norway suka aiwatar da ita da gaske: saƙo 9 suka tura, 4 suka dawo, mafi sauri bayan minti 53. Salon ke nan da littattafan suka koyar: a ɗauki shirme a bi shi da tsantsar natsuwa har ƙarshensa.

Terry Pratchett ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake littattafansa 41 na Discworld na tatsuniyar bokaye ne, ba na kumbo ba. Masu karatun ɗaya ne, domin yadda yake ɗaukar tsafi tamkar injiniya ne. Kwamfutar jami'ar bokayensa, Hex, tururuwa ke gudanar da ita, kuma takan tsaya ta ce cuku ya ƙare. A Going Postal na 2004 ya ƙirƙiro hanyar aika saƙo ta hasumiyoyi masu ba juna alama, inda ma'aikata ke sa sunan abokin aikinsu da ya rasu ya yi ta yawo a layin, da haruffa uku a gabansa: G, a miƙa gaba, N, kada a rubuta a littafi, U, in ya kai ƙarshen layi a juyo da shi. Da Pratchett ya rasu a Maris 2015, masu kula da saba suka ƙara layi ɗaya a kan amsoshin da shafukansu ke aikawa, X-Clacks-Overhead, ɗauke da GNU da sunansa. Mai buɗe shafin ba ya ganin komai. Saƙon na wucewa ne tsakanin na'urori. Manhajar kallon bidiyo ta VLC tana raɗa wa fitowarta sunayen mutanen littattafansa, Rincewind, Weatherwax, Vetinari, kuma tsarin matse sauti na Vorbis sunan wani mugu ne daga Small Gods.

Daga baya sababbin marubuta, da dama cikinsu masu sana'ar, suka ɗauki alƙalami. Charles Stross, wanda ya yi aikin rubuta manhaja, ya fara jerin Laundry Files da littafin 2004, inda wasu lissafe-lissafe ke kiran aljanu daga wata duniya, jarumin kuma ma'aikacin gyaran kwamfuta ne a hukumar sirri da ke binciken ƙididdigar maƙalan takarda. Andy Weir ya fara sakin The Martian babi-babi a shafinsa, masu karatu suna gyara masa lissafi. Dennis E. Taylor a 2016 ya mayar da injiniyan manhaja kumbo mai kwafin kansa. Scott Meyer a 2013 ya ba wani matashi fayil ɗin da duniya ke gudana a kansa, ya gyara tsawonsa da kuɗin asusunsa, hukuma ta biyo shi. A ganina, nan ne nau'in ya fara rauni. Jarumin Adams mutum ne da bai fahimci komai ba, tsarin ya fi ƙarfinsa. A wasu daga cikin sababbin, jarumin shi ne ya fi kowa wayo a ɗakin, kuma barkwancin ya koma ambaton tsofaffin fina-finai don mai karatu ya ji shi ɗan gida ne. Wannan lallashi ne, yana sayuwa, amma ba ya cizo. Martha Wells ta fi kusa da asalin abin a All Systems Red na 2017: na'urar tsaro ta karya makullin da ke sarrafa ta, ta samu 'yanci, abin da ta yi da shi kuwa shi ne sauke dubban awoyi na wasannin kwaikwayo tana kallo a ɓoye, tana ci gaba da zuwa aiki.

In barkwancin ya tsallako cikin aiki, yana da farashi. A koma kan 42 ɗin nan. In bayananka kaɗan ne, misali layi 500, ka raba su kashi 80 na horo da 20 na gwaji da lamba ɗaya tak, ka yi mako kana murɗa saituna har maki ya tashi, to abin da ka ƙware a kai shi ne waɗannan layuka 100 da 42 ta ware, ba matsalar ba. Canza lambar zuwa 43, makin na iya sauka. Maganin shi ne a maimaita gwajin da lambobin farawa 5 ko 10, ko a raba bayanan gida 5 ana juya wanda ake gwaji da shi, a ba da matsakaici tare da tazarar da ke tsakanin sakamakon. Haka lambar kuskure ta intanet 418, wadda takardar wasa ta 1998 ta ƙirƙiro don butar shayi ta ƙi dafa kofi. Ta shiga manyan yarukan manhaja, da aka nemi cire ta a 2017 jama'a suka yi ca, aka bar ta a keɓe. Amma saba da ke mayar da 418 a maimakon 403 (ba ka da izini) ko 429 (buƙatunka sun yi yawa) tana rikita manhajar da ke ɗaya gefen, domin ba ta san ko ta sake gwadawa ko ta haƙura ba. Saƙon kuskure mai ban dariya yana da daɗi a karo na farko. Ga wanda aikinsa na awa 3 ya ɓace, zagi ne, kuma ba ya faɗin fayil ɗin da ya lalace. Raɗa wa sabobi sunayen jaruman littafi yana tafiya lafiya suna 6. In sun kai 60, sabon ma'aikaci ba shi da hanyar sanin cewa marvin ce ke riƙe da rumbun bayanai. Shi wannan sabon, in bai tashi da waɗannan littattafan Ingilishi ba, yakan zauna a taro ana dariya yana murmushin yaƙe, kuma sana'ar yau cike take da irinsa.

Adams ya sha musanta fassarorin da aka yi wa lambarsa: cewa 42 ita ce alamar tauraro a jadawalin ASCII, wadda ke nufin "komai", cewa 101010 ce a lissafin biyu-biyu, cewa 6 sau 9 na ba da 42 a lissafin tushe 13. Ya ce wasa ne kawai, yana son ƙaramar lamba ta yau da kullum, ya zaɓi wannan. Masu sana'ar sun ji, sun ci gaba da lissafinsu. Littafinsa da ya fi kusa da aikinsu ma ba shi ne aka fi ambato ba. A Dirk Gently's Holistic Detective Agency na 1987 akwai wata manhaja mai suna Reason, wadda ba ka ba ta hujjoji ta fitar maka da hukunci. Hukuncin da ka riga ka yanke kake ba ta, ita kuma ta gina maka matakan dalili masu kama da gaskiya da za su kai ka can. A labarin, ma'aikatar tsaron Amurka ta saye ta gaba ɗaya kafin ta shiga kasuwa. Adams ya rasu a Mayu 2001, yana da shekara 49, fiye da shekara 20 kafin manhajojin hira masu wannan baiwar su shiga wayar kowa. Da kamfanin xAI ya gabatar da tasa, Grok, a Nuwamba 2023, ya ce a kan littafin Hitchhiker's Guide aka kwaikwayo ta.